Abin da Inno Ta Faɗa

Najiba ta ƙure muryar wayarta, ta tura ta gefen matashin da mahaifiyarta ke kai, don karatun Alƙur'anin ya rufe abin da ke fitowa daga bakin tsohuwar. Bai rufe ba. Muryar Inno ta sirance, ta kuma karkace tun da ɓarin jikinta na dama ya shanye, amma tana da naci. Ta ƙarƙashin ƙira'ar take bi tana fitowa.

"Yesu, riƙe hannuna, rafi ya cika..."

"Inno," in ji Najiba, bakinta dab da kunnenta. "Inno, ki ce la'ilaha illallahu."

Inno ta dube ta da ido ɗayan da ke buɗuwa sosai, irin kallon da ake yi wa baƙuwar da ta faɗo gida ba sallama. Ta koma kan waƙarta.

Gado goma sha biyu ne a ɗakin mata na asibitin, babu labule ko ɗaya a tsakani. In wata ta yi tari a wancan ƙarshen, a wannan ƙarshen ake ce mata sannu. Tun hantsi ruwa yake zuba a Malumfashi, an rufe tagogi, masu jinya duk sun baro baranda sun dawo ciki sun shimfiɗa tabarmi tsakanin gadaje. Babu inda mutum zai juya bai haɗa ido da wata ba.

Shekarar Hajiya Ummukulsum arba'in da uku a Musulunci. 'Ya'yanta suna kiran ta Inno, unguwa kuma Hajiya. Ita ce ke tashin su sallar asuba da yayyafin ruwan randa. In mace ta kwanta ciwon ajali a layinsu, ita ake aika wa ta zo ta zauna a kanta, ta laƙƙana mata kalmar shahada, in an cika kuma ta yi mata wanka. Kafin duk wannan, sunanta Rifkatu, 'yar wani ƙauyen Hausawa Kirista a bayan Kafur. Kowa a gidan ya sani, ba wanda ya taɓa ɗauko zancen.

Kwana biyu ta yi ba ta san inda kanta yake ba. Jiya da yamma, bayan babban ɗanta Awaisu ya koma Funtua, ta farka. Ba ta gane Najiba ba. Ba ta nemi carbinta ba. Waƙar nan kawai, sai kuma kiran suna ɗaya: Yaya Laraba. Da likita ya zagayo da safe ya daɗe yana duba takardu, sannan ya ce, "Sai a yi ta addu'a." Najiba ta san abin da likita yake nufi in ya faɗi haka.

Karatun ya katse, kira ya shigo. Yaya Awaisu ne. Ta ɗauki wayar ta juya wa gadon baya, ta kare bakinta da tafin hannu.

"Auta, yaya jikin nata?"

"Da sauƙi, Yaya. Ta farka."

"Alhamdulillahi. Ina sallamar ɗalibai zan taso, in ruwan nan ya bari. Kina laƙƙana mata?"

"Ina yi."

"Tana amsawa?"

Najiba ta waiwayi gadon. "Tana dai magana."

"To madalla. Kar ki matsa mata, a hankali ake yi. Da ta faɗa sau ɗaya ki kame bakinki, kar ki sake jan ta da wani zance, don ita ce ake so ta zama ta ƙarshe. Kin ji ko?"

"Na ji, Yaya."

Awaisu malamin Islamiyya ne, shi ke jan salla a masallacin unguwarsu a Funtua. Ba mai faɗa ba ne. Najiba ba faɗansa take tsoro ba. Fuskarsa take tsoron gani lokacin da zai ji.

"Malama, batirinki zai gaji kafin tsohuwar nan ta gaji."

Matar da ke jinyar surukarta a gadon kusa ce ta yi maganar, wata doguwa mai yawan cin goro da kowa ke kira Maman Kamalu. Ta miƙe ƙafafu a tabarma tana tsinke zogale a faranti.

"Ki kashe abin nan ki huta. Mu nan duk kurame ne, ba mu ji komai ba. Ko ba haka ba, jama'a?"

Wata daga can ta ce, "Ciwo ne ai. Allah ya ba ta lafiya."

"Ciwo ne mana. Kakata da za ta rasu, liman aka kira mata, ta bi shi da ashar tun daga ubansa har kakansa. Matar da ko kaza ba ta taɓa zagi ba. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, ke da kika yi boko da Islamiyya ai kin fi ni sani."

Najiba ta yi murmushin dole. Ta sani. Ta ma koyar da shi a aji. Amma ta kuma san ɗaya maganar, wadda Inno da kanta take yawan faɗa in ta dawo daga gidan rasuwa tana wanke hannu: cewa a bakin mutuwa harshe ba ya ɗauko sai abin da zuciya ta ajiye. Tun jiya maganganun nan biyu suke kokawa a kanta. Ta yi sallar asuba a gefen gado ba ta san me ta karanta ba. Ta ɗaga hannu za ta roƙa, ta rasa yadda za ta jera roƙon. Ta ce Allah ya ba Inno lafiya, ta san ba za ta tashi ba. Ta ce Allah ya sa ta cika da imani, sai ta ji kamar ta kai ƙarar uwarta.

Shi ya sa da gari ya waye ta ɗauki tsohuwar wayar Inno ta nemo wata lamba da aka ajiye da suna "Mai daddawa", ta kira.

Wajen sha biyu mai daddawar ta iso. Wata 'yar tsohuwa ce ƙarama, ta ɗaura leda a kan ɗankwalinta, zanenta ya jiƙe har gwiwa da jan taɓo na hanyar ƙauye, tana rungume da kwano a ɗaure cikin tsumma. Najiba ta san ta tun tana yarinya. Duk kaka takan zo da daddawa da sabuwar masara, su shige ɗaki da Inno su daɗe, kafin magariba ta tafi. Ba ta taɓa kwana ba. Sai da Najiba ta shiga sakandare ta gane cewa yayar Inno ce uwa ɗaya uba ɗaya.

"Sannunku da jinya," in ji tsohuwar, tana gaida ɗakin gaba ɗaya. Ta dafa kafaɗar Najiba. "Ɗiyata. Kin rame."

"Sannu da hanya, Iya Laraba. Kin sha ruwa."

"Ɗan acaɓan ne ya sha, ni a bayansa na ɓuya."

Ta ajiye kwanon, ta goge hannuwanta a zane, ta sunkuya kan gadon. Waƙar ta tsaya a tsakiya.

"Yaya," in ji Inno.

"Na'am."

"Kin bar ni a bakin rafi."

"Ban bar ki ba, Rifkatu. Ga ni."

Inno ta ɗago hannun hagu, wanda yake da rai, ta damƙi yatsun yayarta. Najiba ta ja kujerar roba ta ba tsohuwar, ita ta tsaya. Kwana ɗaya da wuni tana shafa wannan hannun, bai taɓa riƙe nata ba.

Iya Laraba ta kwance kwanon. Kunun tsamiya ne, da sauran ɗumi. Tun jiya Inno take kawar da kai daga cokali.

"Buɗe baki."

Ta buɗe.

"Haɗiye. Yauwa. Ki ce na gode."

"Na gode."

Maman Kamalu ta tafa hannu. "Ikon Allah! Babba dai babba ne. Mu nan mun yi lallashi har da rantsuwa."

"Tun tana ƙarama haka take," in ji Iya Laraba. "Taurin kai ga kowa, in ban da ni." Ta juyo ga Najiba, ta rage murya. "Waƙar ce ta tsorata ki ko? Ba a coci uwarki take ba, ɗiyata. Akwai rafi tsakanin gidanmu da coci. In damina ta yi nisa irin yanzu, ruwan yakan kai mini ƙirji. Ni nake goya ta mu haye, tana kuka ina yi mata waƙar nan. Can take yanzu. Shekararta shida, tsoro take ji."

Idon Najiba yana kan bakin Inno, yadda ya ce "na gode" ba gardama. Ta jira har aka gama kunun, Inno ta lumshe ido, sannan ta durƙusa a gefen kujerar.

"Iya, ina da roƙo."

"Ina ji."

"Duk abin da kika ce tana bin ki." Najiba ta sake tattaro ƙarfin hali. Ita ba mai roƙo ba ce, ko canji aka manta ba a ba ta ba a kasuwa sai ta tafi ta bar shi. "Kalma huɗu ce kawai. In kin faɗa za ta faɗa. Daga nan sai mu yi shiru duka. Don Allah, Iya."

Tsohuwar ba ta ɓata rai ba.

"Na san kalmomin. Shekara saba'in ina jin ladan daga tsallaken rafi, ko a barci zan iya jera miki su. Kuma ban da rigima da cewa Allah ɗaya ne, mu ma abin da muke faɗa ke nan. Amma wannan ƙofar shiga ce a wurinku, kin sani na sani. In na faɗa a ɗakin nan, kafin in kai gida labari ya riga ni: Laraba ta musulunta a asibiti. Wannan ma da sauƙi, bakin mutane na saba da shi. Shi fa wanda ake faɗa dominsa? Ko dai na shiga da gaske, ko na tsaya a ƙofarsa ina wasa. Wanne kike so in yi a kan ƙanwata?"

"Ba don ke ba ne, Iya. Don ita ne."

"Na gane. To ke, jiya da take kuka tana waƙar nan ita kaɗai, kin iya kama mata ko baiti ɗaya don ta samu barci?"

Najiba ta sunkuyar da kai.

"To kin gani. Ban ga laifinki ba. Kar ki ga nawa."

Ruwa ya ƙara ƙarfi a kan kwano. Wani wuri a tsakiyar ɗakin ya fara yoyo, aka tura bokiti. Najiba ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar gadon. Ta duba agogon waya: ɗaya da kwata. Yanzu Awaisu yana alwalar Azahar, daga nan sai tasha. Daga Funtua zuwa nan ba ya kai awa ɗaya, ko da ruwa. Hawaye suka zubo mata, ta ja gefen hijabi ta rufe fuska don kar ɗakin ya gani, ko da yake ta san ɗakin ya gani.

"Kowa cewa ya yi don ubanku ta bar mu," in ji Iya Laraba daga samanta, kamar mai magana da kanta. "Wai ya zo sayen auduga ya saye har da ita. Babanmu ya mutu yana faɗin haka. Ni na tambaye ta, mu biyu, muna tsinkar kuɓewa. Ta ce, Yaya, ranar da na fara sa goshina a ƙasa, ji na yi kamar an sauke mini tulu daga kai. Na ce to. Don ni ma na san wannan saukewar, a kan bencin coci ta same ni, shekarar da na binne ɗana na fari. Ban yi mata gardamar tata ba, ba ta yi mini gardamar tawa ba. Ba don namiji uwarki ta yi salla shekara arba'in ba. Ki riƙe wannan."

Inno ta motsa. Numfashinta ya sauya, yana ja yana tsayawa. Ta buɗe ido ta fara laluben waƙar, muryar ta fi ɗazu rauni.

Iya Laraba ta miƙe tsaye. Ta kamo hannun Najiba ta tashe ta, ta jawo ta gaban gadon inda idon Inno zai same ta.

"Rifkatu," ta ce. Sai ta gyara murya. "Ummukulsum."

Najiba ba ta taɓa jin wannan sunan a bakinta ba.

"Dubi nan. Yarinyar nan taki ce, ke kika haife ta. Tana da magana. Abin da ta ce, ki bi ta. Ni na ce."

Maman Kamalu ta ajiye farantin zogale. Najiba ta sunkuya, ta faɗa a hankali, kalma bayan kalma, yadda ta sha jin Inno tana yi wa wasu.

"La'ilaha illallahu."

Inno ta dube ta. Leɓɓanta suka motsa, babu sauti. Najiba ta jira, ta sake faɗa. Tana shirin ta uku Inno ta saki yatsun yayarta ta ɗaga hannun sama kaɗan.

"Ku yi shiru."

Ba muryar yarinyar bakin rafi ba ce. Muryar Hajiya ce, ta tsakar gida, a sarari, ko karkacewar babu.

"Ku yi shiru mana. Ga shi nan."

Ba ƙofa take kallo ba, ba kuma rufi ba. Wani wuri ne kusa, tsakanin kafaɗar Najiba da ta Iya Laraba. Goshinta da ya kwana a tamke ya saki. Ta yi irin fuskar da take yi in baƙon da ta daɗe tana jira ya yi sallama a zaure.

Najiba ba ta waiwaya ba. Ta san bango ne a bayanta, da tagar da aka rufe. Ba ta ga komai ba, ba ta ji wata murya ba. Ruwa bai tsaya ba, bokitin yana ta karɓar ɗigo. Abin da ta sani kawai shi ne tsoron da ya shaƙe ta tun jiya ya sake ta, gaba ɗaya, ta ja numfashi ya kai har ƙasan cikinta. Ta ji ba ita ke tsare da Inno ba, ba ita ce za ta haye da ita ba, ba ta ma taɓa zama ita ba. Ta tsinci harshenta yana tasbihi ba ta sa shi ba. A gefenta leɓɓan Iya Laraba suna motsi da nasu kalmomin. Ba wadda ta dubi 'yar'uwarta.

Ko minti biyu abin bai kai ba. Hannun Inno ya sauko, idon ya rufe. Iya Laraba ta tare hannun ta riƙe.

Nas ta zo ta duba ta, ta ɗaga fatar idon, ta saurari ƙirjin. Ta ce da wuya ta sake farkawa, in akwai wanda ake jira gara ya hanzarta. Najiba ta yi Azahar a makare a kan ɗankwali tsakanin gadaje. Tana sallamewa Maman Kamalu ta matso da tabarmarta.

"Malama, ji nan," ta ce da raɗa. "In yayanki ya zo, ki ce ta faɗa. Leɓenta ya motsa, da idona na gani. Wa ya san abin da ta ce? Ni shaida ce, ga Naja'atu ta gadon can ita ma shaida ce. Ki sanyaya wa bawan Allah zuciya. Gobe a wurin gaisuwa abin da za a tambaya ke nan, kin sani."

"Na gode, Maman Kamalu."

"Ba godiya na ce ki yi ba."

Iya Laraba ta fara ɗaure kwanonta da hannu ɗaya. "Bari in kama hanya kafin Malam ya iso. Kar in ja miki magana."

"Ki zauna, Iya."

"Ɗiyata..."

"Ki zauna. In kika zare hannunki za ta ji."

Ruwa ya tsare Awaisu a tasha, sai ana kiran La'asar ya iso. Najiba ta hango shi ta ƙofa yana kakkaɓe hularsa, ta fita ta tare shi a baranda. Kafaɗun rigarsa sun jiƙe. Ya leƙa ta saman kanta, ya ga gadon, ya ga wadda ke zaune a kujerar. Ya gane ta.

"Ta faɗa?"

Daga cikin ɗakin Maman Kamalu tana gyaɗa mata kai da ƙarfi.

"Ba ta faɗa ba, Yaya."

Ta gaya masa duka, idonta a ƙasa: waƙar, da rafin, da wayar da ta buga da safe, da roƙon da ta yi aka ƙi. Ta gaya masa abin da Inno ta ce a ƙarshe, yadda ta faɗe shi. Abin da ita ta ji a jikinta ne kawai ta bari, don ba ta da sunan da za ta kira shi.

Awaisu ya dafa ƙarfen barandar yana kallon ruwan da ke gangarowa daga indararo.

"Ga shi nan," ya maimaita. "Wa?"

"Ban tambaye ta ba."

"Ba ki tambaye ta ba."

"Cewa ta yi mu yi shiru."

Ya share fuskarsa da hular. "In mutane suka tambaya, ki bar ni in amsa."

"To, Yaya. Amma in ni aka tambaya, abin da na gaya maka zan faɗa."

Ya dube ta kamar yau ya fara ganin ta. Sai ya wuce ciki. Mata suka janye ƙafafu suna gyara lulluɓi. Ya tsaya a gaban kujerar, ya ɗan rusuna.

"Iya, ina wuni. Yaya mai jiki?"

"Da godiya, Malam. Sannu da hanya."

Ya dubi hannun mahaifiyarsa na hagu a cikin hannun tsohuwar. Iya Laraba ta yunƙura za ta ba shi wuri. Ya girgiza kai. Ya zagaya ɗaya gefen gadon, ya durƙusa a kan siminti, ya ɗauki hannun daman, wanda kwana uku ke nan ba ya jin komai, ya riƙe shi da hannu biyu.